Bashin Kifi a Garwa

Suwaiba ta ce, Baba, ka bari ruwa ya ɗauke.
Na ce wanda ya je Garwa da rani
ya iske ta tana barci, bai ji muryarta ba.
Sai a tsakiyar damina,
lokacin da Binuwai ke cika ya batse
har ya lashi gindin masarar bakin gaɓa,
dorina ta leƙo da 'yan kunnuwanta
tana ƙirga masu wucewa kan gada.

Shekara ashirin da shida ina jan tirela,
auduga daga Kayele, siminti daga Figil,
ban taɓa cin abincin garin nan a zaune ba.
Kullum a tsaye, ƙafa ɗaya kan taya,
inji na kuka, yaron mota na kira,
in haɗiye giwan ruwa kamar mai shan magani.

Yanzu gwiwa ta ƙi, mota ta zama ta wani.
Na baje takarda a tabarma, nan Marwa,
na rubuta laima, na rubuta takalmin roba,
leda biyu, ɗaya ta waya, ɗaya ta hula.
Suwaiba ta karɓi biro ta ƙara maganin hawan jini,
ta ja masa layi uku a ƙasa.

Ranar farko karfasa, can gindin gada.
A tsaga ta, a cusa mata yaji, gawayi na huci,
yayyafi na dukan kwanon rumfa kamar ana sheƙar gero.
Zan zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya,
ba mai danna mini hon.
Washegari tuwon dawa da miyar yakuwa,
folere suke ce mata,
tsaminta ya kama muƙamuƙi har ido ya kawo ruwa.
Lahadi kasuwar Pitowa, in sama ta yarda,
dakkere da kindirmo, in sha in lashe ludayi.
Kilishi kam likita ya hana,
amma likita yana Marwa,
ni kuwa ina Garwa.

Hamajam ya zo hira ya ce hanya duk rami ce,
me ya kai tsoho cikin laka saboda kifi?
Na miƙa masa shayi, ban tanka ba.

Akwai abin da ban sa a takarda ba.
Dala ɗari, na ƙulle a haɓar riga.
Wata shekara, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
aka yanke mini aljihu a tasha.
Na raɓe a rumfar Asta Wabi ina ɗiga,
cikina na ƙugi har tana ji.
Ta juya kifi, ta ɗora a takarda, ta ƙara albasa,
ta ce, ci, direba, in ka dawo ka biya.
Na dawo ya fi sau ɗari.
Da fari sauri ne, sai mantuwa, daga baya kunya,
har na koma tsayawa a rumfar ƙetaren titi
ina ci ina ba ta ƙeya.

Ban san ko tana raye ba.
Wani ɗan acaɓa ya ce jikarta ke wurin yanzu,
wani ya ce ambaliya ta kwashe rumfunan tun bara waccan.
In na iske jika, in zauna in ba ta labari, in biya.
In ruwa kaɗai na iske,
zan sayi kifi mai zafi
in nemi wanda ya fi ni jiƙewa.

Na kama kujerar taga a motar asuba.
Ga hadari can ya haɗo daga gabas,
Suwaiba na ɗinke bakin laima da baƙin zare,
ba ta ɗago ba ta ce, kwana nawa za ka yi?
Na ce sai na ƙoshi.
Ta ciji zaren, ta ce, to ka taho mini da busasshen tarwaɗa.